Wane kamshaf da sifirin bawul ya dace da Camaro SS ta hawan kullum?

Mai_SS:

Assalamu alaikum masana inji. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Motar Chevrolet Camaro SS ce ta 2012, otomatik, inji L99 mai lita 6.2, giyabos 6L80, kuma ba a taɓa komai a jikinta ba sai salansa. Lifta ɗaya (ƙarfen da ke bin kamshaf yana tura bawul) a silinda ta 6 ta fara ƙara kas-kas, kwamfuta kuma ta nuna silindar tana ɗauke wuta. Bakanike ya ce dole a sauke top, wato kan inji inda bawuloli suke. Tunda buɗewar za a yi, ina so a sauya kamshaf ɗin, wato sandar da ke buɗe bawuloli, baki ɗaya a ƙara mata ƙarfi.

Wani mai sayarwa a Amurka ya nuna mini kamshaf mai lamba 235/248, ɗagawa inci 0.625, LSA 112, haɗe da sifirin mai riɓi biyu da aka rubuta 0.660 a kwalinsa. Na ji silonsa a bidiyo, gaskiya ya burge ni. Sai dai da ita nake zuwa aiki kullum a Abuja, AC a kunne, cikin cunkoson AYA zuwa Nyanya, lokaci-lokaci kuma in ɗauki hanyar Kaduna. Ba na son motar da za ta koma zaman gareji. Wannan kamshaf ɗin zai yi? In ba zai yi ba, wane girma zan nema, kuma wane sifirin?

Bakanike_V8:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan kamshaf ɗin bai dace da aikin da ka zayyana ba, kuma lambobin da ka kawo su ne hujja.

235/248 na nufin digirin juyin karanshaf da bawul ke yi a buɗe, ana auna shi daga inda lifta ta ɗaga inci 0.050. Na farkon na bawul ɗin shigar iska ne, na biyun na fitar hayaƙi. LSA kuwa tazarar da ke tsakanin ƙololuwar tozon shiga (tozo shi ne tudun jikin kamshaf da ke ɗaga lifta) da ta tozon fita. Da waɗannan ukun za ka gane tsawon lokacin da bawuloli biyun ke buɗe tare. Haɗa na shiga da na fita, raba biyu, sannan cire LSA sau biyu. Kamshaf ɗin kamfani na injin LS3, wanda ke cikin Camaro mai giyar hannu, 204/211 ne a kan 117: 207.5 a cire 234, saura 26.5 ƙasa da sifili. Naka kuwa 241.5 a cire 224, ya ba da 17.5 sama da sifili. Tazarar digiri 44 ke nan.

Wannan haɗuwar buɗewa ita ce ke ba da ƙarar ɓaɓɓaka da ka ji a bidiyo. A juyi 6,000 tana da amfani, domin hayaƙin da ke fita da gudu yana janyo sabuwar iska. A silo kuwa akasin haka take yi: hayaƙi na komowa cikin silinda, konewar ba ta daidaita, injin na rawa. Abin da mutum zai gani a titi shi ne:

Zuƙar iska a manifol za ta faɗi. Injin kamfani yana riƙe inci 18 zuwa 20 na ma'aunin zuƙa a silo. Da irin wannan kamshaf kana iya samun 10 ko ƙasa, alhali tukunyar birki da wannan zuƙar take aiki. A cunkoso, taka birki sau uku a jere, na huɗun sai ka ji feda ta yi tauri kamar dutse. In ka hau Jos, inda tudu ya haura mita 1,200, abin ƙaruwa zai yi.

Dole a ɗaga silo zuwa wajen 900 don kada ta mutu idan kwamfuresan AC ya kama. Kwanbatar giyabos ta kamfani kuwa tana kamawa da wuri, ƙasa da juyi 2,000. Sai motar ta riƙa tunkuɗa kanta gaba kana tsaye a danja. Maganinsa kwanbata mai sakewa har 3,200 ko fiye, ita kuma tana dafa man giya a tafiyar rarrafe, sai an ƙara mata kula ta daban. Ka ga kuɗi sun fara hayayyafa tun ba a tayar da mota ba.

Sannan motar nan nauyinta ya kusa kilo 1,800, aksil ɗin baya 3.27 ne, kuma yawancin tuƙinka tsakanin juyi 1,300 da 2,800 yake. Can ne babban kamshaf ke rasa ƙarfi. Za ka biya kuɗi ka sayi ƙarfin da ke sama da 5,000, inda ba ka kaiwa sai jefi-jefi, ka rasa wanda kake amfani da shi kowace safiya.

Ga abin da zan nema da kwanbatar kamfani: shiga tsakanin 214 da 220, fita ya fi shi da digiri 8 zuwa 12 saboda top ɗin waɗannan injina ƙofar shigarsu ta fi ta fita numfashi nesa ba kusa ba, LSA 115 zuwa 117, ɗagawa kada ta wuce 0.600. Ɗauki misalin 218/228 a kan 116, ɗagawa 0.585. Lissafin ya ba da 9 ƙasa da sifili. Za ka ji ɗan gurnani a silo, birki na nan lafiya, AC ba ya kashe ta, kuma daga juyi 3,500 zuwa sama bambancin a bayyane yake.

Abu ɗaya da ba ya cikin lambobin talla: kaifin tozo. Kamshaf biyu na iya zama 218 da 0.585 dukansu, amma ɗaya ya finciko bawul ya maka shi a mazauninsa, ɗayan ya ɗaga shi a hankali ya ajiye a hankali. Ka tambayi mai sayarwa tsawon buɗewa a 0.006 ban da na 0.050. In tazarar ta kai digiri 50 zuwa sama, yawanci tozon mai sauƙin hali ne. In ta gaza haka sosai, tozon tsere ne, mai cin sifirin da lifta.

Injiniya_Kakuri:

Malam ya gama magana kan kamshaf. Bari in tsaya kan sifirin, domin a nan ne aka fi asarar inji.

Lambar 0.660 da ke kan kwali ba ta ce sifirin ya dace da kai ba. Abin da take faɗa kawai shi ne iyakar matsewar da zai iya kafin zobbansa su haɗe, shi ma in an ɗaura shi a tsayin da masu ƙera shi suka ce. Aikin sifirin shi ne ya riƙe lifta a kan tozo, ya kuma hana bawul yin tsalle idan ya sauka a mazauninsa. In ya yi rauni, a babban juyi bawul zai daina bin tozo, ƙarfi ya yanke, wataran fistan ya same shi a hanya. In ya yi ƙarfi fiye da kima, kowane juyi yana danne tayar lifta da ƙwallayen roka da kan bawul ba gaira ba dalili, ko da a silo kake.

Sifirin LS3 na kamfani yana ba da kimanin laba 90 idan bawul na rufe, kuma iyakarsa wajen 0.570. Bai isa ba a nan, musamman da yake bawul ɗin shiga na L99 cikakken ƙarfe ne, ya fi na LS3 mai rami a sanda nauyi. Ga kamshaf irin wanda aka ba ka shawara, sifirin guda mai siffar amya, wato mai faɗin gindi da tsukakken kai, ya wadatar. Misali PAC 1218: laba 130 a tsayin inci 1.800, ƙarin laba 313 a kowane inci na matsewa, zobba na haɗewa a 1.140. Yana hawa da hular sifirin ta kamfani, ba sai an yi wa top aikin inji ba.

Yi lissafin da kanka. 1.800 a cire 0.585, saura 1.215. Cire 1.140, rata ta zama 0.075. Ana son kada ta gaza 0.050 zuwa 0.060, wato kusan milimita 1.5. Lafiya lau. Da kamshaf ɗin 0.625 ne, ratar 0.035 za ta rage, ba ta isa ba. Ƙarfinsa a buɗe kuwa 130 da 0.585 sau 313, ya kama kusan laba 313.

Amma duk wannan ya rataya a kan 1.800 ɗin nan, wato milimita 45.72, kuma ba a ɗauka cewa haka yake, aunawa ake. Idan an taɓa yi wa mazaunin bawul gyara, bawul yana nutsewa ciki, tsayin ya ƙaru. Ga yadda ake yi:

Sa bawul a gurbinsa, sa farantin gindin sifirin, sa hula da makullanta biyu ba tare da sifirin ba. Ja hular sama da ƙarfi har ta zauna, ka auna daga farantin zuwa ƙarƙashin hula inda sifirin zai taɓa. Da ma'aunin da aka yi don wannan aikin ya fi, amma baniya mai kyau tana yi in hannu bai rawa. Duk goma sha shidan, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a takarda. Wanda ya ba da 1.830 ya yi asarar kusan laba 9, a sa masa wosha mai tauri ta 0.030 a ƙarƙashin faranti. Wanda ya ba da 1.770 ya fi haɗari, domin ratar haɗewa ta koma 0.045.

Tun hular na jiki, tura bawul ƙasa har gindin hula ya taɓa sil, ka auna tafiyar. Dole ta fi ɗagawar kamshaf da aƙalla 0.050. In ba haka ba hula za ta riƙa dukan sil, baƙin mai ya gangara cikin silinda, mota ta fara hayaƙi shuɗi da safe, a yi ta zargin ring.

Kada a kama sifirin da filaya, kada a jefa su cikin tire ɗaya da sifanu. Ƙarzuna ɗaya a jikin wayar ya isa ya zama inda zai karye bayan wata shida. A wanke su, a shafe su da baƙin mai kafin ɗaurawa.

Oga_Top:

Ni kam ina da ja kaɗan kan sifirin guda. Amfanin mai riɓi biyu shi ne in na wajen ya karye, na cikin yana riƙe bawul kada ya faɗa kan fistan. Guda kuwa in ya karye a gudun 120 a hanyar Kaduna, to bawul, fistan, top, wataƙila har bulok, duk sun tafi. Kuma bulok ɗin L99 ba abin da za ka shiga Apo ko Panteka ka ɗauko da yamma ba ne. Ban ce Injiniya ya yi kuskure ba. Da ɗagawa 0.585 da tozo mai laushi, guda na ainihi yana daɗewa. Amma in an haura 0.600, ko an sa niyyar kai juyi 6,500 a kai a kai, riɓi biyu nake zaɓa, mai kusan laba 150 a rufe da ƙasa da 400 a buɗe. Sharri mafi girma shi ne sifirin da ba a san maƙerinsa ba, wanda aka zuba a leda aka rubuta lamba da biro. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Abin da ba a taɓo ba shi ne ainihin cutar motar. L99 yana da AFM, tsarin da ke kashe silinda 1, 4, 6 da 7 don tsimin mai. Liftocin waɗannan huɗun na musamman ne masu makulli a ciki, su ne ke maƙalewa, kuma silindarka ta 6 na cikinsu. Ba a haɗa su da babban kamshaf da sifirin mai ƙarfi. Don haka jerin sayayyarka ya fi kamshaf da sifirin tsawo: lifta 16 na gama-gari, irin na injin LS7, da sababbin tire huɗu na roba da ke hana su juyawa. Kada a mayar da tsohon tire, in ya saki lifta ta juya gefe, tayarta za ta ci tozo cikin 'yan kwanaki. Murfin tsakiyar inji irin na LS3, wanda ke toshe hanyoyin man AFM. Gasket ɗin top biyu, kaurin kamfani 0.051. Sababbin kusoshin top da sabuwar kusar fulin karanshaf, domin irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su. Sabon farantin riƙe kamshaf, saboda robar da ke bayansa ita ke tare hanyar mai. Sabon cen ɗin taimin. Sil ɗin bawul 16. Da kayan sauya ƙwallayen roka, domin na kamfani ƙananan allurai ne da ke zubewa cikin inji idan nauyi ya yi musu yawa.

Wajen ɗaure top: manyan kusoshi Nm 30, sannan digiri 90, sannan digiri 70, bisa tsari daga tsakiya zuwa waje. Ƙananan Nm 30. Kafin nan a busar da ramukan kusoshin tas da iska. Ramukan toshe suke a ƙasa, in ruwan lagireto ya kwanta ciki aka ɗaure kusa a kansa, bulok ɗin alminiyam tsagewa yake yi.

In an cire liftar da ta lalace aka ga tayarta ta ci, a sauke kaskon mai a wanke, a duba metal ɗin kamshaf. Garin ƙarfen bai tsaya a wuri ɗaya ba. Wajen mayar da bututun zuƙo mai kuma a lura da zoben robarsa. In ya tsinke ko ya naɗe, famfo zai riƙa shan iska, sababbin liftoci su yi ta ƙara a rasa dalili. Idan lokacin hunturu ne, a rufe injin da leda duk sanda aka tashi daga aiki.

Mai_SS:

Allah ya saka da alheri, na fasa wancan. Saura biyu. VVT ɗin fa, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul, a bar shi ko a cire? Kuma mai sayarwa ya ce fushrod (sandar da ke tsakanin lifta da roka) mai tsawon inci 7.400 na kamfani zai yi, haka ne?

Bakanike_V8:

VVT abu ne mai kyau a motar otomatik mai nauyi, yana gabatar da kamshaf a ƙaramin juyi ya jinkirta shi a babba. In za ka bar shi, sai ka sayi kamshaf da aka ƙera don VVT, tare da ɗan ƙarfen da ke taƙaita tafiyarsa, domin na kamfani yana iya juya kamshaf kusan digiri 50, kuma da doguwar buɗewa bawul ɗin fita zai gamu da fistan. Sifirin mai ƙarfi sosai ma yana rinjayar VVT ɗin. Sannan sai mai saitin kwakwalwar mota ya san teburin VVT da gaske. In ba ka da tabbacin wannan mutumin, cire shi ya fi kwanciyar hankali: kamshaf mai kusa uku, giyar kamshaf mai alama huɗu da ta dace da karanshaf mai haƙora 58, murfin gaba irin na LS3 da wayar sensarsa. In ka sa giyar da alamarta ba ta dace ba, kwakwalwa ba za ta gane matsayin kamshaf ba.

Fushrod kuwa ba a saye sai an auna. Don a samu ƙarin ɗagawa, maƙera suna rage da'irar gindin tozo, sai lifta ta zauna ƙasa kaɗan, shi ya sa sau da yawa ake komawa 7.425. Ka sa silindar a inda bawul ke rufe, lifta na kan gindin tozo. Ɗaura kusar roka da yatsu har wasan ya ƙare, ba tare da an danna lifta ba. Daga nan ƙirga juyin sifana har ta kai Nm 30.  Juyi ɗaya da kwata zuwa ɗaya da kwata uku shi ake nema. Ƙasa da ɗaya, inji zai yi ƙarar keken ɗinki. Sama da biyu, bawul na iya ƙin rufewa sosai idan inji ya yi zafi, ya ƙone. Ka auna shiga da fita a kowane ɓangare, ka sayi masu kaurin bango 0.080.

Kada a tsallake awon rata tsakanin bawul da fistan, ko da fistan L99 yana da 'yan ramuka a kansa. Ba a ƙololuwar ɗagawa suke kusantar juna ba, a lokacin fistan ya yi nisa ƙasa. Wajen digiri 10 kafin ƙololuwar fistan ne ga bawul ɗin fita, digiri 10 bayanta ga na shiga. Manna laka irin ta wasan yara a kan fistan, shafa wa bawul mai, ɗora top da gasket, yi amfani da liftar da aka toshe don kada ta nutse, juya inji da hannu sau biyu. Yanka lakar da reza ka auna: aƙalla milimita 2 ga shiga, 2.5 ga fita.

Injiniya_Kakuri:

Ƙari kan fetur. Matsin L99 10.4 ne, an ƙera shi da tunanin mai mai babban oktan, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a famfo, ingancinsa ma yana bambanta daga gidan mai zuwa gidan mai. Saboda haka kada a bari kowa ya rage fuskar top ko ya sa siririn gasket don ƙara matsi. Kuma kada a karɓi saitin da aka turo daga Amurka wanda aka yi da mansu mai oktan 93 a loda shi haka nan. Kwakwalwar injin E38 ce, ta giyabos T43, ana buɗe su da manhajar HP Tuners ko EFILive. A kashe AFM a ciki, VVT ma in an cire shi, a sa silo wajen 750, a gyara iskar silo da AC a kunne, sannan a ɗauki bayanan tafiya da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, da man da ka saba sha. Duk inda kwakwalwa ta nuna tana janye taimin saboda fashewar mai kafin lokaci, a rage digiri biyu ko uku a wurin. Kada a rage jin sensar da ke gano wannan fashewar don kawai a daina ganin lambar.

Tayarwar farko: baƙin mai 5W-30 na ainihi, lita 7.6, da sabuwar filta. Ido a kan ma'aunin matsin mai, in bai tashi cikin 'yan daƙiƙu ba a kashe. Kada a wuce juyi 2,000 har inji ya yi zafinsa, a kashe, a bar shi ya huce sarai, a maimaita sau biyu, don sifirin su zauna. A sauya mai da filta bayan kilomita 800, a yanka tsohuwar filtar a duba ko da ƙyalƙyalin ƙarfe. Daga nan kullum da safe a bar allurar zafi ta hau kafin a taka ta sosai, sifirin mai sanyi ya fi saurin karyewa. Duk kilomita 40,000 a buɗe murfin bawul a gwada ƙarfin sifirin a rufe. Wanda ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari, wato daga 130 ya koma ƙasa da 117, a sauya saitin duka goma sha shida, ba shi kaɗai ba.